Kwanan asibiti da barcin likita mai koyon aiki

Likitan da kol, wato aikin kwana a asibiti, ya faɗo kansa yakan shiga asibiti da ƙarfe 8 na safe ya yi aikin yini kamar kowa. Da ƙarfe 4 na yamma abokan aiki su watse, a bar shi da marasa lafiya har gari ya waye, sau da yawa kuma ya zarce da zagayen safe, sai ya yi awa 28 ko 30 bai ga gadonsa ba. A Sakkwato, inda manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru suke karɓar marasa lafiya har daga Kebbi da Zamfara da Jamhuriyar Nijar, mafi yawan wannan kaya yana kan sababbin likitoci masu shekarar sanin makamar aiki da kuma masu neman ƙwarewa. Abin da ya kamata su da manyansu da iyalansu su riƙe shi ne, wanda barci ya ci ƙarfinsa ba ya iya gane iyakar ɓarnar da aka yi masa.

Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne yake sa ido ya yi nauyi, kuma barci ne kaɗai yake share shi. Ga kuma agogon jiki, wanda yake sauke zafin jiki da kaifin hankali zuwa ƙasa tsakanin ƙarfe 3 da ƙarfe 5 na asuba. A daren kol waɗannan biyun suna haɗuwa a lokaci guda, a daidai sa'ar da za a iya shigo da mai jijjigar haihuwa ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sumar.

Ko ɗan barcin da ake samu a ɗakin kol bai kai yadda ake lissafa shi ba. Barci yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye kamar minti 90, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi zuwa na mafarki. Wanda ya yi awa huɗu amma aka tashe shi sau biyar bai kammala ko zagaye biyu ba. Jiran ƙarar waya shi kansa yana hana barci nisa, ko da daren ya ƙare ba a kira shi ba.

Sannan akwai magagi. Idan aka tashi mutum daga barci mai nauyi, ƙwaƙwalwarsa takan ɗauki minti 15 zuwa 30 kafin ta dawo daidai. Zai amsa waya, ya ba ma'aikaciyar jinya umarni da murya garau, da safe kuma ya kasa tuna abin da ya ce. Don haka umarnin magani da aka bayar ta waya cikin dare, a maimaita wa likita shi, kuma da zarar ya tashi ya zo ya rubuta shi da hannunsa.

An auna waɗannan abubuwa. A 1997 masu bincike a Ostareliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa suna raguwa kamar na mai giya 0.05 cikin ɗari a jininsa, a awa 24 kuma ya kai kusan 0.10, abin da ya wuce haddin tuƙi a mafi yawan ƙasashe. A 2003 a Jami'ar Fensilbeniya an taƙaita wa mutane barci zuwa awa 6 na kwana 14, ƙwazonsu ya yi ta faɗuwa kullum, su kuwa suna cewa barcin da suke ji bai ƙaru sosai ba. Wannan shi ne abin tsoron: likita ya ce ya saba, alhali jin gajiyar ne ya dushe, kuskuren yana nan. A 2004 kuma wani bincike a Boston ya gano cewa sababbin likitoci masu dogon kol sun fi yin manyan kurakurai da kashi 36 cikin ɗari a kan lokacin da aka gajarta musu aiki. Amurka ta sa iyakar awa 80 a mako tun 2003, Tarayyar Turai kuma awa 48.

Kuskuren mai barci yakan fito ne ta ƙananan abubuwa. Allurar atesunet, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ga yaro mai ƙasa da kilo 20 miligiram 3 ce a kowane kilo, wato yaro mai kilo 12 zai samu miligiram 36. Lissafi ne da likita zai yi a tsaye da rana, amma da ƙarfe 4 na asuba ɗigo ɗaya ko sifiri ɗaya yana iya sauka inda ba wurinsa ba. Haka musanya katin marasa lafiya biyu masu suna ɗaya, da manta duba sakamakon jini, da soke kai da allura wajen ɗinki. Magunguna irin su insulin da fotasiyam da magnisiyam salfet da duk maganin yara, a rubuta lissafinsu a takarda, mutum na biyu ya duba kafin a bayar. Ba raini ba ne, ko babban likita yana bukatar ido na biyu a wannan sa'a.

Shirin kol yana farawa tun kafin ranar. A yi cikakken barci dare biyu kafinsa, in da hali kuma a yi ƙailula bayan azahar. Cikin dare, idan aiki ya lafa, a kwanta minti 20 da ƙararrawa, domin a farka kafin barci ya yi nauyi. Idan akwai abokin aiki da zai riƙe waya, gara a raba daren biyu kowa ya samu minti 90 ko awa uku ba yankewa, da a ce duka biyun su kwana suna gyangyaɗi. Shayi da kofi da goro suna taimakawa domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana toshe wurin da adenosin yake kamawa, sai dai ba ya share shi, da ya sake bashin barcin yana nan. Rabin kafeyin ɗin yana nan a jini bayan kamar awa 5, saboda haka a sha shi kaɗan-kaɗan a farkon dare, kada ya wuce miligiram 400 a yini, kimanin kofi huɗu na kofi, a kuma dakata awa 6 kafin lokacin da ake son kwanciya. Tuwo mai nauyi ko shinkafa cike da faranti da tsakar dare suna jawo barci. A ci kaɗan, a sha ruwa da yawa.

Hanyar gida ita ce wurin da aka fi yin sakaci. Binciken 2005 a Amurka ya nuna hatsarin mota bayan dogon kol ya ninka fiye da sau biyu. Ƙwaƙwalwar da ta gaji takan ɗauke na daƙiƙa biyu ko uku ido a buɗe, mota mai gudun kilomita 60 kuwa tana cin kusan mita 50 a daƙiƙa uku. Buɗe gilashi da ƙure rediyo ba su hana wannan. A kwanta minti 20 kafin a fita, ko a bar motar a hau Keke Napep, ko wani daga gida ya zo ɗauka. Mai babur ya fi kowa bukatar jin wannan.

Barcin rana a Sakkwato yana da nasa wuya, musamman a Afrilu da Mayu da zafi yake haura digiri 40, ga shi jiki sai ya ɗan huce kafin barci ya kama. A watsa ruwa kafin kwanciya, a sa labule mai kauri, a zaɓi ɗakin da rana ba ta duka, a tanadi fanka mai caji. A yi awa uku zuwa huɗu, a tashi wajen azahar ko la'asar, sannan a kwanta da wuri bayan isha'i, domin wanda ya wuni yana barci har magariba dare zai gagare shi. Mutanen gida su sani wannan barcin ba lalaci ba ne. Mai neman a duba masa takardar gwaji ko a raka shi asibiti ya dakata har likita ya tashi.

Masu tsara jadawali su ma suna da rabonsu: kada a jera wa mutum ɗaya kol biyu a jere, wanda ya kwana a sallame shi bayan ya miƙa aiki a rubuce, kada a sa shi tiyatar da za ta iya jira, ɗakin kol kuma ya samu gado da gidan sauro da ƙofa mai rufuwa. Ƙaramin likita ba zai iya cewa ya gaji ba in ya san za a ce masa rago, sai babba ya fara tambayarsa.

Wanda ya kai ga shan diyazefam ko maganin tari mai kodin don ya samu barci, ko tiramadol don ya jure aiki, kada ya ci gaba da rubuta wa kansa magani. Haka wanda barci yake gagararsa dare uku a mako har wata uku ko da ba ya kol, ko yake jin ƙunci da fitar sha'awar aiki. Ya ga wani likita, a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa ko a asibitin tarayya da ke Kware.