Yadda salamandar wuta ta kusa ƙarewa a dajin Holan

Duk wanda ya fara ganin hotonta ƙadangare zai ce, amma 'yar gidan su kwaɗo ce, fatarta laushi gare ta kullum a jiƙe, baƙa wuluk da ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa. Dazukan Turai masu sanyi take zama, inda ganye ke zuba ya ruɓe, kusa da 'yan ƙoramu masu ruwa garai-garai don nan uwa ke zuwa ta haihu, 'ya'yan su fara rayuwa cikin ruwa kafin su hau tudu. Sai dare ya yi an ɗan yi yayyafi take fitowa neman tana da ƙwari, da rana kuwa tana ƙarƙashin dutse ko cikin ruɓaɓɓen icce. To wannan ɓuyan ne ya ja mata suna, a ɗauko icce a cusa a murhu sai ga ta ta fito a guje, sai mutanen zamanin da suka ce ai wuta ce ta haife ta. Tana iya wuce shekara 20 a daji.

A Holan ba ta da yawa tun asali, ƴan wurare ne can kudancin lardin Limburg, babbansu dajin Bunderbos. Wajen 2008 masu sa kai da ke ƙirga su duk shekara suka fara tsintar gawarwaki, zuwa 2010 abin ya zama annoba, kafin 2013 kusan kashi 96 cikin 100 sun tafi, kuma an yi ta neman dalili an rasa. A 2013 ɗin ne wata mai bincike mai suna An Martel da abokan aikinta na jami'ar Ghent a Beljiyam suka gano sabon fangas, aka sa masa Bsal a taƙaice. Dangin abin da ke kawo makero ne idan za a kwatanta, sai dai shi cinye fatar yake yana ɓula ta, ga dabbar da fata take shan ruwa har da wani ɓangare na numfashi, cikin sati biyu zuwa uku an gama.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ta inda ya shigo. Binciken 2014 ya nuna daga Asiya yake, can salamandojin sun daɗe da shi ba ya kashe su, kuma alamu sun fi karkata ga cinikin dabbobin ado, wato sha'awar ajiye su a akwatin gilashi a falo ce ta jawo wannan asara. Ya ɓulla a Beljiyam, ya shiga yankin Eifel na Jamus, har Sifaniya. Amurka da ta fi kowace ƙasa yawan nau'in salamanda ta hana shigo da nau'i 201 a Janairun 2016, Tarayyar Turai sai 2018 ta kafa nata ƙa'idojin.

Magani akwai ga wadda ke hannu, kwana 10 a zafin digiri 25 fangas ɗin ya mutu. Amma daji ba ya ɗumamuwa haka, ƙwayar tana daɗewa cikin ƙasa, wasu dabbobin suna yawo da ita lafiya lau, takalmin mai yawon daji ma kai ta yake wani dajin.