Danƙon bishiyar fayin ba shi ke ciyar da ita ba

Mutane sun daɗe suna ɗauka cewa danƙon da ke tsiyayowa daga bishiyar fayin (pine, itace mai ganye kamar allura) shi ne ruwan da ke ciyar da ita. Ruwan abincin, mai ɗauke da sukari, hanyarsa daban ce a cikin itacen. Shi danƙon makamin kariya ne: da ƙwaro ya huda ɓawo, sai ya kwararo ya maƙale shi, ya toshe raunin. Sinadarin alfa-pinin da ke cikin danƙon, wanda ke ba shi ƙamshi, yakan bi iska, ya bar wani sinadarin, asid ɗin abiyetik, ya daskare. Kada a haɗa shi da ƙaron dakwara, wanda ke narkewa a ruwa. Na fayin ko kusa ba ya narkewa a ruwa, sai dai a tace shi a fitar da tafentain, man da masu fenti ke tsinka fenti da shi.