Me ya sa kullu yake taurare idan an buge shi?

Masu dama koko a Jos sun san wannan abu tun da daɗewa. Gasarar da ta kwanta a gindin bokiti, in ka caka mata ludayi da ƙarfi sai ta ƙi shiga, in ka bi ta a hankali sai ta malalo kamar zuma.

Daskarewa take yi?

A'a. Sitaci ba ya narkewa a ruwan sanyi. Ƙwayoyi ne ƙanana, ko kaurin silin gashi ba su kai ba, cunkushe cikin ruwa kaɗan. Tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai ɗan siririn ruwa da ke hana su gogar juna, shi ya sa suke sulɓewa in an juya a hankali. Amma in ƙarfin ya wuce wani mataki, sai ruwan ya matse, ƙwayoyin su haɗu jiki da jiki, su sarƙe, su tokare juna har gindin kwano. Kamar ƙofar kasuwar Taminus ce ana gobe Sallah: in an bi a sannu kowa ya wuce, in an yi turereniya babu mai motsi. Da ka saki, ruwa ya koma gurbinsa.

Wa ya gano haka?

Tun 1885 masanin kimiyya Osborne Reynolds na Ingila ya bayyana yadda jiƙaƙƙen yashi ke buɗewa ya bushe a gefen ƙafar mai taka shi. Amma an daɗe ana ɗora taurin kullu a kan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin. Sai a 2013 Ryohei Seto da abokan aikinsa suka nuna da lissafin kwamfuta cewa gogayya ce tushen abin, a 2014 kuma wasu masanan biyu, Wyart da Cates, suka fitar da ƙa'idarsa.

To dafaffen koko fa?

Ba ya yi. Zafi ya riga ya kumbura ƙwayoyin, sun yi laushi.

Yana da wani amfani?

A Jami'ar Delaware ta Amurka an jiƙa yadin Kevlar, wanda ake yin rigar sulke da shi, da irin wannan haɗi, na ƙwayoyin silika (sinadarin da ke cikin yashi), don ya ƙara tare sukar wuƙa. A masana'antu kuwa ciwon kai ne: a ƙara wa famfo gudu, kwaɓi ya toshe bututu.

Zan iya gwadawa a gida?

Sosai. Sitacin masara ko garin kwastad kofi biyu, ruwa kamar kofi ɗaya. Naushe shi, sannan ka nutsa yatsa a hankali. Kada dai ka zuba shi a bututun wanke-wanke in ka gama.