Matsalolin ɗora manhajar yanar gizo a kan sabar gida

Sabar gida ita ce kwamfutar da mai haɗa manhaja yake gwada aikinsa a kanta kafin ya fitar da shi ga jama'a. Adireshinta 127.0.0.1, ana kuma kiran ta localhost. Ɗalibai da masu sana'ar kwamfuta a Yamai sukan kafa ta da XAMPP ko WampServer, waɗanda suka haɗa Apache (manhajar da ke miƙa shafuka ga burauza) da PHP (yaren rubuta manhaja) da rumbun bayanai wuri guda. Amfaninta a nan babba ne, domin ana aiki ba tare da an kashe kuɗin intanet ba.

Matsalar da aka fi cin karo da ita ita ce ta ƙofa, wato lambar da manhaja take karɓar saƙo ta kanta. Apache tana sauraro a ƙofa ta 80, MySQL, manhajar rumbun bayanai, kuma a ta 3306, kuma manhaja biyu ba sa zama a ƙofa ɗaya. Idan IIS, takwarar Apache ta Windows, ta riga ta kama 80, Apache ba za ta tashi ba. A WampServer sai a ga alamar da ke kusa da agogo ta tsaya a ruwan lemu, ta ƙi komawa koriya. Maganinta a kashe wadda ta tare ƙofar, ko a mayar da Apache kan 8080 cikin fayil ɗin httpd.conf.

Lambobin da burauza ke nunawa ma suna faɗin inda ciwon yake: 404 ba a ga fayil ba, 403 an hana shiga, 500 kuma manhajar ce ta tuntsure a ciki. Wanda ya ga 500 ya fara buɗe error.log, fayil ɗin da ake rubuta kurakurai a ciki, wanda a Ubuntu (wani nau'in Linux) yake cikin /var/log/apache2. Sau da yawa har layin da ya jawo abin yana nan a rubuce. Abin takaici, mutane da dama sukan goge komai su sake sakawa ba su karanta shi ba, su ɓata wuni guda a banza. Wani tarkon kuma tsofaffin darussa ne: PHP 7, da ta fito a 2015, ta cire mysql_connect, tsohon umarnin haɗa PHP da MySQL, don haka aikin da aka kwafo daga tsohon darasi ba zai yi ba sai an koma mysqli ko PDO. Masu ƙaura daga Windows zuwa Linux su lura cewa a Linux Hoto.jpg daban yake da hoto.jpg.

Akwai matsalar da ta shafi Hausa kai tsaye, kuma ta cancanci kulawa. Kafin fitowar MySQL 8.0, tsarin haruffan da rumbun yake zuwa da shi latin1 ne. Wannan tsari yana ɗaukar é da è na Faransanci lafiya lau, shi ya sa mai gwaji da rubutun Faransanci ba ya ganin aibi. Sai ranar da aka shigar da suna mai ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ, a ga ƙauye ya koma ?auye. Harafin da aka adana a matsayin alamar tambaya ya tafi ke nan, sai an sake rubuta shi da hannu. Tun farko ya kamata a saita rumbun da haɗinsa kan utf8mb4, shafin kuma kan UTF-8.

Idan ana son abokin aiki ya buɗe manhajar daga wayarsa, localhost ba zai yi ba, domin wayar kanta za ta nema. Sai a ba shi adireshin kwamfutar na cikin ofis, wanda yawanci yake farawa da 192.168, a kuma buɗe ƙofar a katangar tsaro.

Ɗaukewar wuta, wadda takan tsananta a watannin Afirilu da Mayu lokacin zafi, na iya lalata teburan rumbu idan ta zo ana tsakiyar rubutu, MySQL ta ƙi tashi. Na'urar ajiye wuta tana rage haɗarin, kuma a riƙa fitar da kwafin rumbun da umarnin mysqldump ana ajiyewa a wata kwamfutar daban.