Auna Tsada da Amfani a Rabon Kuɗin Kiwon Lafiya

Auna tsada da amfani hanya ce da hukumomin lafiya ke bi wajen yanke inda za a zuba kuɗi idan ba za su ishi kowa ba. Ana duba abin da magani ko aiki ke ci, sannan a lissafa shekarun rayuwa cikin ƙoshin lafiya da yake samarwa. Ma'aunin DALY, mai ƙirga shekarun lafiya da ciwo, naƙasa ko mutuwar wuri ke cinyewa, ya yi fice ne bayan rahoton Bankin Duniya na 1993, Ingila kuwa ta fi dogara da QALY, mai ƙirga shekarun rayuwa gwargwadon ingancin lafiyar da ke cikinsu.

Hujjar masu goyon baya

A jiha irin Zamfara, abin da wankin ƙoda na mutum ɗaya ke lashewa a shekara zai sayi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara masu ɗimbin yawa, wato wanda ake bi gida-gida ana rabawa da damina ga 'yan wata 3 zuwa 59. Suna cewa ko an ƙi yin lissafi, rabon sai ya gudana, sai dai ya tafi wajen mai uwa a gindin murhu.

Suka

Ma'aunin yana rage darajar tsoho da mai naƙasa, tunda shekarun da za a ƙara musu ba su cika ƙwarya a lissafi. Akwai kuma nauyin wanda ke kwance gaban likita yana numfashi da ƙyar; da wuya a ce masa kuɗinsa sun tafi rigakafi.

Sukar da ta fi cizo a nan ita ce ta nisa. Kai allura ga yaro a Ɗansadau, ga lalacewar hanya ga matsalar tsaro, ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan kai ta wata unguwa a Gusau. In aka bi lissafi tsagwaronsa, wanda aka daɗe da mantawa da shi za a ƙara mantawa. Malaman fiƙihu na da ƙa'idar ɗaukar ƙaramar cuta don kauce wa babba, amma ba ta bambanta rai da rai saboda wurin zama. Wasu kuma na ganin tukunyar ce ƙarama: a Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, kuma gwamnatin tarayya ba ta kai nan ba.

Gubar dalma

An ga misalin irin wannan zaɓi a Zamfara. A 2010 gubar dalma daga daka duwatsun zinariya cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa 'yan ƙasa da shekara 5 a gaba, domin su gubar ta fi kamawa. Ta kuma ɗaure bayar da maganin fitar da gubar da sharaɗin a fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa, tunda yaron da ya koma wasa a tsakar gida mai dalma zai sake shaƙa. Hakan ta sa yaran Bagega, wani gari a ƙaramar hukumar Anka, suka yi ta jira har 2013, lokacin da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace garin.