Tubali, Bulo da Kwano: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ginin da Ba Ya Cutar da Muhalli

Tun bayan ambaliyar 2022 da ta ci gidaje a Ringim, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja, duk wanda ya sayar da riɗi ko shinkafa a yankinmu ya ga kuɗi a hannunsa, abin da yake fara yi shi ne ture ɗakin ƙasa ya kafa na bulo, ya ɗora kwano. A birane kuwa masana sun duƙufa kan wani salon gini da suke kira "kore", har da majalisa guda da aka kafa dominsa. Ga tambayoyin da ake yawan yi mini idan zancen ya taso a dandali.

Wace majalisa ce wannan? Ta gwamnati ce?

Ba ta gwamnati ba ce. Ƙungiya ce mai zaman kanta, ba don riba ba, sunanta Majalisar Gine-ginen "Kore" ta Najeriya, ana kiranta GBCN a taƙaice. Mambobinta masu zana gine-gine ne, da injiniyoyi, da 'yan kwangila, da kamfanonin kayan gini. An kafa irinta a Amurka a 1993, uwar ƙungiyar ta duniya ta tsaya da ƙafarta a 2002, Afirka ta Kudu ta kafa tata a 2007, yau ƙasashe sama da 70 na da irinta. Ba ta rusa gini, ba ta cin tara. Aikinta horar da ma'aikata, wayar da kai, yaɗa ma'aunin da ake auna gini da shi, da matsa wa hukuma ta gyara dokoki. Kalmar "kore" kuma ba fenti ake nufi ba. Gini ne da bai cinye wuta da ruwa da kayan aiki fiye da kima ba, mai zama a ciki kuma bai galabaita ba. Ɗaya daga cikin ma'aunan, mai suna EDGE, na wani reshen Bankin Duniya ne: sai gini ya rage kashi 20 cikin 100 na wuta, da na ruwa, da na iskar ɗumama duniya da aka fitar wajen sarrafa kayansa, idan aka kwatanta da ginin da aka saba yi, kafin a ba shi shaida.

Me ya haɗa ɗan ɗakina da lalacewar duniya?

Siminti. Ana gasa dutsen farar ƙasa ne a zafin da ya kai maki 1,450, kuma dutsen da kansa yana fitar da iskar da ke ɗumama duniya yayin da yake gasuwa, ban da ta man da aka ƙona. Siminti kaɗai yana da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na wannan iska a duniya. Sannan tirela ta ɗauko shi daga Obajana ko Sakkwato, tana shan dizal har ƙofar shagon garinku.

Amma ni abin da ya fi damuna na kusa ne. Tifofi na kwashe yashin rafi har gaɓa ta zaizaye ta ci gona. Giginyar da ake tsaga azara da ita ta yi ƙaranci, ba a kuma dasa wata. Ɗakin bulo mai kwano ba silin kuwa, a watan Afrilu da zafi ke haura maki 40, tanda ne. Yara su kwana a tsakar gida sauro na cizonsu, mai jego ta rasa inda za ta sa kanta.

To, Malam, cewa kake mu koma ginin ƙasa? Ba ci baya ba ke nan?

Wannan tambayar ita ce ta fi yi mini ciwo, domin kunya ce ke magana a cikinta, ba lissafi ba. An kai matsayin da saurayi zai je neman aure a ce ai gidansu na ƙasa ne, kamar wani aibi.

Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya barinsa ya ratsa ciki sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da dare ya yi, gari ya sarara. Da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Shi ya sa tsoho zai bar ɗakin kwanon da ɗansa ya gina masa ya koma tsohon zaure da azahar. Kakanninmu ba su yi wannan da ka ba. Sun san ƙasar da za a haƙa, sun san kwanakin da za a bar ta ta jiƙu da ciyawa ana tattakawa, sun murza tubali sun shanya, sun faɗaɗa gindin bango suna tsuke shi zuwa sama. Azara suka zaɓa don gara ba ta cinta da sauƙi. Sun jiƙa ɓawon ɗorawa sun samu makuba, sun haɗa katsin marina da gashin majema da dafara sun samu laso, duk don ruwa ya zame. Indararo ya watsa ruwan soro nesa da bango. Da wannan ilimin aka gina Gidan Rumfa a Kano tun ƙarni na 15, da shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Kuma ba tarihi kawai ba ne. A ƙauyen Dandaji na Jamhuriyar Nijar, garin Hausawa, an kammala sabon masallaci a 2018 da bulon ƙasa, aka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu. Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili ne suka zana, maginan gari suka sa hannu. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina firamaren ƙauyensu Gando da ƙasa a 2001, shi ya karɓi Pritzker a 2022, babbar lambar yabon masu zana gini a duniya. Abin da muke jin kunyarsa, shi wasu ke tasowa daga Turai su zo koyo.

Amma ginin ƙasa ne ke danne mutane da damina. Wannan fa?

Gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi wa mutanen Auyo wa'azin ƙasa bai fara da wannan ba, bai yi musu adalci ba. An yi jana'izar yaran da bango ya faɗa wa suna barci. Allah Ya jiƙansu.

Sai dai a duba yadda bangon ke faɗuwa. Ruwa ne ke kwanciya a gindinsa, ya jiƙa shi daga ƙasa har ya kasa ɗaukar nauyin kansa. Ko rufi ya yi yoyo ya narkar da shi daga sama. Maganin na nan a wurare biyun. A yi fandisho da dutse ko bulo mai ƙarfi, a ɗaga shi ya wuce inda ruwa ya saba kaiwa, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a ɗora ƙasa, don damshi kada ya hau. A bar bakin rufi ya fito sosai ya kare bango, musamman ta gabas, inda hadari ke tasowa ruwa ya doki gini. A cike tsakar gida a fitar da kwata. A nan ne simintin ya kamata ya tafi, ba a bango gaba ɗaya ba. A kuma yi hattara da shafa filastar siminti kai tsaye a kan ƙasa: takan rabu da bangon, ruwa ya shige bayanta ya yi ta ɓarna ba a gani.

Inda kuwa kogi ke malala duk shekara, babu kayan ginin da zai hana ruwa shiga. Bulon da aka tsawaita buhun siminti ɗaya aka buga fiye da kima shi ma marmashewa yake. Can maganar tudu ce da jinga da yashe hanyar ruwan da ciyawar kachala ta toshe.

Mene ne bulon ƙasa na inji?

Jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a zuba mata siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a yayyafa ruwa, a matse da injin hannu. Ba a gasawa, don haka ba a sare itace. Ana rufe shi ana ba shi ruwa, ya yi kusan mako huɗu kafin ya kai ƙarfinsa. Hukumar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana aiki a kansa. Ba kowace ƙasa ke yi ba. A zuba ta a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye: yashi zai kwanta a ƙasa, yumɓu a sama. Idan yumɓu ya yi yawa bulon zai tsattsage, idan yashi ne zalla ba zai kama ba.

Ni na riga na yi bulo da kwano. Shi ke nan na makara?

A'a, Alhaji. Sa silin, ko da na zana ne ko tabarmar kaba, ka bar 'yan kafofi a saman bango zafin da ya taru ya fita. Fenti fari a kan kwano yana mayar da rana. Buɗe taga biyu masu fuskantar juna. Dasa darbejiya ta yamma, amma nesa kaɗan saboda saiwa. Ka kuma tari ruwan kwanon a tanki ko randa.

Akwai doka a kai?

Gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine a 2017, tana magana kan girman tagogi, inuwa, rufi da fitilu. Amma izinin gini a hannun jihohi yake, kuma a ƙauye magini da mai gida ne ke yanke komai a gindin bishiya.

To me majalisar za ta tsinana wa ɗan ƙauye?

Gine-ginen da suka samu shaidar ginin "kore", irin ta EDGE, a Najeriya yawancinsu benaye ne a Legas da Abuja. Ba na raina su. Amma manomin Gumel ba takardar shaida yake nema ba, ɗakin da zai iya barci a ciki yake nema, wanda kuma ba zai faɗo wa 'ya'yansa ba. Da za a ji tawa, da majalisar ta zo ta zauna da sarakunan magina da ƙungiyoyin birkiloli, ta saurare su kafin ta koya musu. A rubuta ƙa'idar fandisho da gwajin ƙasa da Hausa, da boko da ajami, a karanta a rediyo. A sa kwalejojin fasaha na Dutse da Kazaure su horar da matasa, a ba ƙungiyoyin gari injin matse bulo su riƙa haya.

Abu mafi ƙarfi kuma shi ne a gina a gani. Mutanenmu ba sa yarda da zance sai ido ya shaida. A samu ƙaramar hukuma ɗaya ta gina ajin firamare ko ɗakin shan magani da bulon ƙasa, a kan fandisho mai tsayi, kusa da na bulo da kwano. A bar shi ya ga damina biyu. Ranar kasuwa a watan Afrilu, da misalin ƙarfe biyu na rana, a buɗe ƙofofin duka biyun a ce kowa ya shiga.