Tsane ruwa a taliyar ɗanyen kayan lambu

Taliyar kayan lambu abinci ne da ake yi ta hanyar yanka kayan lambu masu tauri zuwa dogayen zare sirara kamar taliya, a zuba musu miya ko mai da kayan ƙamshi, a ci, sau da yawa ba tare da an ɗora a wuta ba. An fi yin ta da zukini, wani ɗan'uwan kabewa kore mai siffar kokwamba wanda ake cirewa tun yana ɗanye shataf. Ana kuma yi da kokwamba, da karas, da ɗanyar gwanda, da wata farar saiwa ta Japan mai siffar karas da ake kira daikon. Babbar matsalar wannan abinci ita ce ruwa: a haɗa shi yana da kyan gani, kafin a gama jera kwanuka ya saki ruwa, miyar ta tsinke, zaren ya yi laushi. Dabarun hana hakan sun girmi wannan abinci na zamani da ɗaruruwan shekaru.

Inda ruwan yake fitowa

Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyin zukini ruwa ne, haka ma kokwamba da daikon. Karas yana da kimanin kashi 88, shi ya sa bai cika ba da wahala ba. Ruwan yana ƙunshe ne a cikin ƙananan ƙwayoyin halittar tsiron, kowace da fatarta da ke riƙe shi, kuma cikar da suka yi ce take sa ɗanyar kokwamba ƙara idan an gatsa ta. Wuƙa tana fasa ƙwayoyin da ta bi ta kansu, don haka gwargwadon sirantar zaren, gwargwadon yawan wuraren da ruwa zai fita.

Amma yanka kaɗai ba ya fitar da ruwa mai yawa. Gishirin da ke cikin miya ne yake jawo shi. Idan gishirin da ke wajen ƙwayar ya fi na cikinta, ruwa yakan ratsa fatar ya fito wajen da gishirin ya fi yawa, wanda masana kimiyya ke kira osmosis. Sukari ma yana yin haka. Ruwan lemun tsami da khal kuwa suna raunana fatar ƙwayoyin, ruwan ya ƙara samun hanya. Ke nan miyar da aka zuba don ɗanɗano ita ce take janyo ruwan da zai kashe mata ɗanɗano.

Tarihin fahimtar lamarin

Masu girki sun daɗe da sanin gishiri yana tsotse ruwan ganye tun kafin a san dalili. A shekarar 1748 wani malamin coci kuma masanin kimiyya ɗan Faransa, Jean-Antoine Nollet, ya rufe bakin kwalba mai ɗauke da barasa da mafitsarar alade, ya nutsa ta a ruwa. Bayan 'yan sa'o'i ya tarar fatar ta kumbura, domin ruwa ya ratsa ta ya shiga ciki. Wani ɗan ƙasarsa, likita Henri Dutrochet, ya ci gaba da binciken a kan tsirrai wajen shekarar 1826, kuma daga sunayen da ya raɗa wa lamarin ne kalmar osmosis ta samo asali. A 1877 Wilhelm Pfeffer na Jamus ya auna ƙarfin wannan ja, a lokacin da Hugo de Vries na ƙasar Holan yake nuna yadda cikin ƙwayar tsiro yake takurewa ya janye daga bangonta idan aka jiƙa ta a ruwan gishiri. Abin da de Vries ya gani ta madubin ƙara girma shi ne yake faruwa a kwandon mai girki idan ta barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar kokwamba.

Asalin abincin

An fara noman dangin kabewar da zukini ya fito daga ciki a yankin Meziko, shekaru kusan 10,000 da suka wuce bisa irin da aka tono a wani kogo a jihar Oaxaca. Turawa sun kai shi nahiyarsu bayan 1492. Shi zukini kansa an samar da shi ne a arewacin Italiya, ana jin a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, sannan 'yan ci-ranin Italiya suka kai shi Amurka wajen shekarun 1920. Sai dai Italiyawa dafa shi suke yi ko su soya, ba su mai da shi madadin taliyarsu ba.

Fasahar mai da kayan lambu zare ta fi zurfi a Japan. Akwai wani salon yanka da suke kira katsuramuki, inda mai girki yake riƙe guntun daikon a hannun hagu yana juya shi a kan kaifin wata faffaɗar wuƙa, yana fere shi ya zama shimfiɗa guda mai tsawo, siririya har ana iya hango haske ta cikinta. Sai ya ninke ta ya yanyanka ta zama zare. Wannan zaren, tsuma, shi ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ɗanyen kifin sashimi. Koyon salon yana cin lokaci mai tsawo, kuma saboda haka aka ƙera injunan hannu masu juya kayan lambu a kan reza, waɗanda kamfanin Benriner na Japan ya yi suna da su.

Abin lura shi ne masu girkin Japan suna da hanyoyi biyu masu karo da juna, kuma sun san inda kowace ta dace. Zaren daikon na sashimi a ruwan sanyi ake jiƙa shi, ya sha ruwa ya miƙe ya yi ƙarfi, sannan a tsane shi, domin ba za a cakuɗa shi da miya ba. Kokwambar da za a yi sunomono da ita kuwa, wato haɗin kokwamba da khal, sai an murza ta da gishiri an matse tukuna, aikin da suke kira shiomomi. A Faransa ma akwai kalma ta musamman, dégorger, ga barbaɗa wa kokwamba ko gauta gishiri don ta zubar da ruwa.

Cin ɗanyen abinci a matsayin hanyar neman lafiya ya samu karɓuwa a Turai ta hannun likita Maximilian Bircher-Benner na birnin Zurich a ƙasar Switzerland wajen 1900. Taliyar zukini ta bazu sosai a Amurka da Birtaniya wajen 2014, tare da yayin rage cin sitaci: gram 100 na ɗanyen zukini kalori 17 ne kawai, alhali dafaffiyar taliyar alkama mai nauyi ɗaya tana kai wa kusan 150.

Gishiri da matsewa

Wannan ita ce hanya mafi inganci. Ana zuba zaren a kwando, a barbaɗa gishiri kaɗan, kamar rabin ƙaramin cokali zuwa cokali ɗaya ga rabin kilo, a jujjuya da hannu, a ɗora kwandon a kan roba. Cikin 'yan mintoci zaren yakan fara sheƙi kamar mai gumi, sannan ruwa kore-kore ya fara ɗiga. Mintoci 15 zuwa 30 sun isa. Daga nan a juye shi a kan ƙyalle mai tsabta, a naɗe, a danna a hankali. Zaren da aka yi wa haka yakan ragu a ido, ya daina karyewa, ya riƙa lanƙwasa yana naɗuwa a cokali mai yatsu kamar taliyar gaske, kuma miya tana kama jikinsa. Idan aka murɗe ƙyallen da ƙarfi, zaren zukini yakan dagargaje. Kokwamba da daikon sun fi jure matsa.

Hikimar ita ce a bar gishiri ya yi aikinsa a kwando, inda za a iya zubar da ruwan, kafin abincin ya shiga faranti. Masu yin kwaɗon rama ko zogale sun san makamancin haka, domin sai an matse dafaffen ganyen sosai kafin a zuba ƙuli-ƙuli, in ba haka ba kwaɗon ya yi ruwa. Wajibi ne a rage gishirin miya, tunda zaren ya riga ya ɗauki nasa.

Ana saɓani kan ɗauraye zaren bayan gishiri. Wasu na ɗaurayewa don rage gishiri, wasu na ganin mayar da ruwan da aka fitar ne. Akwai kuma masu ƙin sa gishirin gaba ɗaya don kada zaren ya rasa ƙarfinsa.

Zaɓen kaya da yanka

Ƙaramin zukini, mai tsawon santimita 15 zuwa 20, ya fi babba tauri da ƙarancin 'ya'ya. Tsakiyar da 'ya'yan suke ita ta fi ko'ina ruwa da laushi, a zukini da kokwamba duka, shi ya sa ake tsayawa da yanka idan aka iso gare ta. Yawancin injunan juyi suna barin ta a gefe kamar sanda. Zare mai ɗan kauri ya fi siriri daɗewa bai saki ba. Barin ɓawon zukini yana taimaka wa zaren ya riƙe kansa.

Zukinin da ke da ɗaci mai tsanani ba a cinsa. Ɗacin alama ce ta wata guba mai suna kukurbitasin, wadda gishiri ko dahuwa ba sa kawar da ita.

Miya da lokacin haɗawa

Miya mai kauri da mai ta fi dacewa, kamar pesto, miyar niƙaƙƙen ganye da mai ta birnin Genoa a Italiya, ko wadda aka yi da niƙaƙƙen riɗi ko gyaɗa, domin ɗan ruwan da ya rage yana sassauta ta ne kawai. Wasu sukan fara shafe zaren da mai kafin gishiri da tsami su taɓa shi. Tumatir ɗanye yana ƙara nasa ruwan, don haka ake cire 'ya'yansa. A kowane hali, ba a haɗa zare da miya sai za a ci.

Ajiya

Zaren da ba a sa wa gishiri ba yana yin kwana 2 zuwa 3 a firiji cikin rufaffen mazubi da aka shimfiɗa wa ƙyalle ko takardar goge hannu. Daskarewa tana fasa ƙwayoyin, sai zaren ya narke ya zama ruwa-ruwa, ba ya ciwuwa ɗanye.